Gasasshen dankalin turawa a obin: me ya sa naki ke fitowa laƙwas, kuma yaya ake gyara shi?

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya. Ta ce likita ya umarci maigidanta ya rage maiƙo da gishiri saboda hawan jini, ga shi kuma shi da yara ba sa rabo da soyayyen dankali. Sannan ƙanwarsa da ke zaune a Ingila za ta zo hutu, ita kuwa ta daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara. Ta gwada gasa dankalin a obin har sau biyu, amma ya fito laƙwas, ya manne wa tire, bakin-bakinsa ya ƙone. Tana son sanin inda ta kuskure, da kuma ko gasasshen ya fi soyayyen lafiya da gaske.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, abin da ya same ki ya sami kusan duk wadda ta taɓa gwadawa, har da ni. Laifin na ruwa ne. Dankalin turawa kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kuma ba zai taɓa yin garas-garas ba sai ruwan da ke bayansa ya ƙafe. A suya, mai ne ke yi miki wannan aikin ba tare da kin lura ba. Kumfar nan da ke tasowa da "cuuu" idan kin zuba dankali a kasko, ruwan dankalin ne ke fita da gudu a matsayin tururi. Mai yana isar da zafi ga abinci da sauri fiye da iska nesa ba kusa ba. Shi ya sa za ki iya zura hannu a obin mai zafin digiri 200 ki juya tire ki fito lafiya, amma ba ki isa ki tsoma ko ɗan yatsa a mai mai digiri 180 ba. To da kika janye man kika bar dankali da iska mai zafi kawai, sai aikin korar ruwa ya dawo kanki. Duk dabarun da zan faɗa miki a ƙasa hanyoyin korar ruwa ne.

Daga kasuwa ake farawa. Yawancin dankalin da ke shigowa kasuwanninmu daga Jihar Filato yake, daga Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, inda sanyin tsauni ya dace da shi. Asalinsa ma ai ɗan tsauni ne, daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, yankin Peru da Bolibiya. Sai dai irin da aka fi nomawa a wajenmu, kamar wanda ake kira Nicola mai ɗorawar tsoka, yana da danƙo da ruwa, sitacinsa bai kai na irin da Turawa ke ware wa suya ba, wato Russet a Amurka, ko Maris Piper a Ingila, ko Bintje a Beljiyam. Na faɗi wannan ne don kada ki riƙa auna naki da hotunan da kike gani a intanet. Mai irin wancan dankalin zai iya yankawa ya watsa a obin ya sami biyan buƙata. Mu namu sai an lallaɓa shi.

Ki zaɓi manya, masu nauyi a hannu, waɗanda ɓawonsu ya kama jikinsu. Wanda kika murza da babban yatsa ɓawon ya saluɓe, sabon haƙa ne, ruwa ya yi masa yawa, ki bar shi ga fate ko farfesu. Idan kina son gwaji, ki raba guda biyu ki goga su da juna. In farar kumfa ta fito suka ɗan manne, akwai sitaci, zai yi gashi. Wanda kuma ya yi kore ko ya fara tsiro, ki yi hattara da shi. Koren nan alama ce cewa haske ya taɓa shi, kuma a irin wannan yanayi yakan tara wata guba da ake kira solanin, mai sa ɗaci da murɗar ciki da amai. Dafuwa ba ta kashe ta, gashi ma haka. In koren ɗan tabo ne, ki yanke shi da zurfi. In ya mamaye, ki zubar, ba asara ba ce. Kada kuma ki ajiye ɗanyen dankalin da za ki gasa a firji. Sanyi mai yawa yana mayar da wani ɓangare na sitacinsa sukari, sukari kuwa shi ke sa baya ya yi baƙi tun ciki bai nuna ba. Kwando a wuri mai duhu da iska ya ishe shi.

Ga ma'aunin da nake aiki da shi: dankali kilo 1, mai babban cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, sai kayan ƙamshi. Wannan zai ishi mutum huɗu idan a gefen wani abinci za a ci.

Ki wanke shi sosai da soso. Ferewa zaɓinki ne. Ni barin ɓawon nake yi idan yana da kyau, don yana ƙara garɗi kuma yana da harza mai taimakon ciki, amma in yaranki masu tsince-tsince ne ki fere ki huta da rigima. Yankan shi ne abin kula. Ki yi shi tsaye-tsaye, kaurin kamar santimita 1, wato kwatankwacin ƙaramin yatsanki, kuma ki yi ƙoƙari su zo daidai da juna. Sirara irin na gidajen cin abinci na zamani ba sa yin kyau a obin, bushewa suke yi su zama kamar tsinke. 'Yan ƙananan ɓarɓashin gefe da ke fita masu tsini, ki ware su daban, su ne ke fara ƙonewa su ɓata miki ƙamshin tire gaba ɗaya.

Sai ki jiƙa a ruwan sanyi na minti 30. Za ki ga ruwan ya yi fari, har wani farin gari ya kwanta a gindin roba. Sitaci ne da sukarin da wuƙa ta fasa suka fito saman yankan, kuma su ne rabin dalilin da ya sa naki ya manne wa tire. Ki tsiyaye, ki ɗauraye sau ɗaya.

Yanzu matakin da na tabbata kin tsallake, domin kowa shi yake tsallakewa: tafasawa. Ki ɗora ruwa ya tafasa, ki zuba dankalin, ki ƙirga minti 5 zuwa 7 daga lokacin da ya sake tafasowa. Ba dafa shi za ki yi ya nuna lugub ba. Abin da ake nema shi ne bakin wuƙa ya shiga gefe cikin sauƙi, amma tsakiya da sauran tauri, in kin ɗaga guda ya ɗan lanƙwasa bai karye ba. Mutum zai ce, ana neman korar ruwa kuma a tsoma shi a ruwa? Ga hikimar. Idan sitaci ya ji zafin da ya kai digiri 60 zuwa 70 a cikin ruwa, ƙwayoyinsa sukan kumbura su fashe, su yi wani danƙo kamar na koko a bayan yankan. Wannan danƙon, idan ya bushe ya haɗu da ɗan mai da zafi, shi ne ke zama ɓawon nan mai garas-garas. Ɗanyen yanka kuwa in ya shiga obin kai tsaye, bayansa yakan bushe ya yi tauri kamar fata, ya kulle ruwa a ciki, da kin fito da shi tururin ciki ya jiƙa bayan, ya kwanta laƙwas. Ga shi kuma tafasawar ta riga ta yi rabin dafuwa, don haka ba sai ya daɗe a wuta yana jiran ciki ya nuna ba.

Za ki ji masu koyar da girki na cewa a zuba binega cokali ɗaya a ruwan tafasar. Gaskiya ne tsami yana riƙe jikin dankali kada ya farfashe, amma wannan magani ne na dankali mai gari sosai irin nasu. Namu na Jos da ma ba mai saurin farfashewa ba ne, in kin sa masa tsami sai ya ƙara tauri. Wasu kuma kishiyar haka suke yi, su sa ɗan bakin soda don bayan ya yi laushi, aikin da kanwa ke yi wa wake ke nan. Yana aiki, sai dai yana sa dankali saurin yin duhu, kuma zan gaya miki nan gaba dalilin da ya sa ba na son duhun. Ni ruwa zalla nake amfani da shi.

Da kin sauke, ki juye a gwagwa, ki girgiza shi a hankali sau uku ko huɗu har ki ga gefen yankan ya ɗan yi burɗi-burɗi, kamar an barbaɗa masa gari. Sai ki shimfiɗa tawul mai tsabta a kan tebur ko babban faranti, ki baza dankalin ɗaya-ɗaya, ki ƙyale shi minti 10. Ki tsaya ki kalle shi sau ɗaya don ki gane abin da nake nufi: tururi zai riƙa tashi, ƙyallin ruwan zai dushe, bayan ya koma fari-fari busasshe, in kin taɓa ki ji yana ɗan kama yatsa. Wannan ne lokacinsa. A hunturu minti biyar ma ya isa. Da damina ki kunna masa fanka.

Tun kafin ki ɗora ruwan tafasa ya kamata ki kunna obin, a digiri 220. In naki mai fanka ne a ciki, 200 ya isa. In na gas ne mai lambobi, lamba 7 ce. In kuwa irin wanda lambobinsa suka goge ne, ko wanda da ma "ƙarami" da "babba" kawai aka rubuta, ki kai shi kusan ƙarshe ki ba shi minti 20 ya ɗau zafi. Ki sa tiren a ciki tun farko ya yi zafi tare da obin. Dankalin da ya sauka a kan ƙarfe mai zafi nan take yake kama ɓawo, ba ya samun damar mannewa. Tire mai kauri mai duhu ya fi na sanholo mai ƙyalli, kuma mai gajeren baki ya fi mai zurfi, don zurfin yana tare tururi. In kina da takardar gashi ki shimfiɗa, tana sauƙaƙa wanki, amma ƙasan dankalin ya fi yin ja a kan ƙarfe tsirara.

Man kuma a roba ake cuɗa shi da dankali, ba a tire ba. Ki zuba dankalin a roba mai faɗi, ki auna mai da cokali, na ce da cokali, kada ki tuntsura galan da ido, domin idon mai girki kullum ƙarya yake yi mata a kan mai. Ki sa hannu ki juya a hankali har kowane yanka ya yi ƙyalli, ba tare da mai ya kwanta a gindin robar ba. Kowane man tsiro mai jure zafi zai yi: man gyaɗa tatacce, man waken suya, ko man zaitun in da hali. Man ƙuli na gida ya fi su ƙamshi, ni ma ina sonsa, sai dai yana saurin hayaƙi, don haka in shi za ki sa ki sauko da wutar zuwa 200 ki ƙara 'yan mintoci. Kada ki ce za ki cire man gaba ɗaya don neman lafiya. Na gwada, abin da ke fitowa ba ya ciwuwa sai da ruwa a kusa, kuma maigida zai koma wa kasko cikin mako guda. Idan dankalin mai ruwa ne sosai, ki barbaɗa masa babban cokali 1 na kwanfulawa kafin mai, zai ba shi ɗan siririn ɓawo.

Batun kayan ƙamshi, a nan ne nake ganin an fi yin ɓarna, kuma ina zargin baƙin da kika gani a naki rabinsa na yaji ne. Minti 35 a digiri 220 ba ƙaramar wuta ba ce. Ɗanyar tafarnuwa dakakkiya ba ta kai minti 15 ba ta ƙone ta yi ɗaci. Barkono da garin busasshen tattasai su ma suna baƙi. Ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin tsire kuwa da ma ya sha suya sau ɗaya, in ya sake shiga wuta mai tsawo sai ya yi ƙauri. Saboda haka nakan raba kayan ƙamshin kashi biyu. Waɗanda ke shiga tare da mai tun farko su ne masu juriya: garin tafarnuwa ƙaramin cokali 1, garin albasa in akwai, masoro rabin ƙaramin cokali, garin citta kaɗan, da busasshen tayim. Kurkur ɗan mitsitsi yana ba da launi mai kyau, amma in ya yi yawa sai ki ji ɗanɗanon ƙasa. Na biyun su ne masu tsoron wuta, garin tattasai da barkono da yajin ƙuli. Su sai saura minti 5 a sauke, ko ma bayan an fito da shi yana tururi, a barbaɗa a girgiza. Zafin jikinsa da ɗan man da ke bayansa sun isa su tayar da ƙamshin su kuma riƙe garin. Kanumfari da kimba ban cika sa su ba, suna danne dankali, sai ka ji kamar kana cin shayi. Gishiri kuma a ƙarshe, kuma ki daka shi ya yi laushi kamar hoda. Gishirin da ke zaune a bayan abinci shi ke fara taɓa harshe, don haka kaɗan ke yin aikin mai yawa. Ki bi shi da 'yan ɗigon lemon tsami daf da za a ci. Tsami yana rufe gurbin gishiri fiye da duk wata dabara da na sani.

Ki fito da tiren mai zafi, ki jera dankalin a shimfiɗe, kowane yanka da 'yar tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Wannan ce dokar da ba ta da sassauci. Na taɓa karɓar aikin abincin wani ɗan taro, lokaci ya ƙure mini, na tula kilo biyu a tire ɗaya ina cewa ai wuta ce za ta ci su duka. Bayan minti 40 na buɗe, tururi ya buge ni a fuska har gilashina ya rufe. Da na goge, na tarar da na saman sun yi baƙin baki, na ƙasan kuwa farare fat, suna kwance cikin ruwan jikinsu kamar an turara su za a yi fate. Haka na kwashe na murƙushe su na yi wani abincin daban. Kilo 1 tire biyu yake so a obin ɗin gida. In tire ɗaya gare ki, ki gasa sau biyu, ya fi miki sauri a kan gyaran ɓarna.

Ki sa a tsakiya ko ɗan ƙasa kaɗan, ki rufe, ki manta da shi minti 20. Duk buɗewar da kika yi zafi ne ke zubewa. Bayan minti 20 ki gwada ɗaga guda da cokali mai faɗi. In ya saki tire da kansa, ƙasansa ya yi ja, ki juya su duka. In ya ƙi, kada ki yi kokawa da shi, ki ba shi minti 5, zai saki. Ki juya tiren ma, na gaba ya koma baya, don babu obin da zafinsa ke daidai ko'ina. Sai ƙarin minti 10 zuwa 15. Obin ɗin gas yakan tara danshi fiye da na lantarki, domin ƙonewar gas ɗin kanta tana fitar da tururi, don haka in irinsa gare ki, ki ɗan buɗe ƙofar na daƙiƙa biyu lokacin juyawa da kuma kusa da ƙarshe, tururin ya fice.

Ki sauke shi yana ruwan zuma mai haske, kada ki jira ya yi ruwan ƙasa mai duhu. Jan da abinci ke yi a wuta haɗuwa ce tsakanin sukari da sinadaran furotin, wadda wani masanin Faransa mai suna Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma ita ke ba burodi da gyaɗa da tsire ƙamshinsu. Amma a 2002 masu bincike a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci, musamman dankali, idan zafinsa ya haura digiri 120 yana samar da wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo ciwon daji. Yawansa yana ƙaruwa ne gwargwadon duhun da abincin ya yi. Abin lura a nan shi ne, obin bai kuɓutar da ke daga wannan ba, gasasshen da ya ƙone da soyayyen da ya ƙone duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Abin da ke rage shi shi ne jiƙawar nan da tafasawar da suka wanke sukari, da ƙin ajiye dankali a firji, da saukewa da wuri. Ba abin tayar da hankali ba ne, amma tunda lafiya aka fito nema, a cire baƙaƙen a zubar.

Sauran tambayarki, ko ya fi soyayye lafiya. Ya fi, amma mu yi lissafi don ki san iyakarsa. Ɗanyen dankali giram 100 yana da kalori kusan 77, kuma kusan babu maiƙo a cikinsa. Babban cokalin mai guda, kowane iri ne, kalori kusan 120 ne. Soyayyen dankali irin na cikin mai tsundum yakan kai kalori 300 a giram 100, da mai kusan giram 15, wato cokali guda cur a 'yar ƙaramar tafi. A namu, cokali 2 aka raba wa mutum huɗu, kowa ya tashi da rabin cokali. Ga kuma wata riba da ba a cika ambata ba: kin huta da man da ake soyawa a ajiye a sake soyawa har ya yi baƙi ya yi kauri, wanda duk zagaye lalacewa yake ƙara yi. Dankalin kansa yana da fotasiyam mai yawa, sama da miligiram 400 a giram 100, wanda ke taimaka wa mai hawan jini, da bitamin C, ko da yake tafasawa tana tafiya da wani kaso nasu.

Sai dai ga maigidanki, gishiri ya fi maiƙo muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokali guda ke nan, a duk abin da zai ci daga safe zuwa dare. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, yajin tsire na kasuwa ma cike yake da su biyun. In kin rage mai sannan kika marmasa dunƙule uku kika bi da yajin kasuwa, an gudu ba a tsira ba. Ki daka yajinki a gida: ƙuli-ƙuli, citta, barkono, masoro, tafarnuwa, ba gishiri ba magi, ki riƙa sa gishirin daban da ma'auni. Idan akwai mai ciwon sukari a gidan, ki sani gashi bai rage wa dankali sitaci ko kaɗan ba, yana ɗaga sukarin jini da sauri, don haka kasonsa ya zama kaɗan, a haɗa masa da wake da ganye. Mai ciwon ƙoda kuma, fotasiyam ɗin nan da ke amfanar wasu shi yana iya cutar da shi, sai da iznin likitansa.

Baƙuwarki kuwa, irin tsarin cinta shi ne Turawa ke kira vegan, kalmar da aka ƙirƙira a Ingila a 1944. Dankali da man tsiro da kayan ƙamshi duk ba su da matsala a wurinta. Tarkon yana cikin ƙananan abubuwan da hannunmu ya saba jefawa ba tunani. Man shanu da bota sun fita. Bota ta gwangwani da ake cewa ta tsiro ce ma, da yawanta akwai madara a ciki, ki karanta jikin. Dunƙule mai ɗanɗanon kaza ko na kifi ki ajiye shi gefe, daddawar kalwa ta maye gurbinsa a miya, ita tsiro ce zalla. Mayonis da ƙwai ake yinsa. Zuma ma yawancinsu ba sa sha. Kuma kada ki gasa mata a tiren da kika gasa kaza ba ki wanke ba, ko ki sa man da aka soya nama a ciki. Abin dangwalawa mai sauƙi ne: ki niƙa tumatir da tattasai da albasa ki dafa su har su kama jikinsu da ɗan cokalin mai, ko ki murƙushe fiya da lemon tsami da ɗan barkono, ko ki dama tunkuza da ruwan ɗumi da lemon tsami da citta ta yi kauri kamar kunu. Tunda dankalin ɗan rakiya ne, furotin ɗinsa giram 2 ne kacal a 100, sai ki haɗa shi da abin da zai riƙe ciki. Mu kuwa a nan ba mu da talauci: awara, in ba a tsoma ta a ƙwai ba, ita ce abin da baƙuwarki ke saye da tsada a can da sunan tofu. Ki yanka ta ki shafa mata mai da yaji ki gasa a tire na biyu. Ga kwaɗon zogale da ƙuli, ga dafaffen wake, ga alala in an yi ta ba kifi ba ƙwai. Duk gidan za su ci, ba sai an yi tukunya biyu ba.

In wuta ta ɗauke ko gas ya ƙare, tukunyar nan mai yashi ko duwatsu da ake gasa kek a kan gawayi tana iya yi, amma ba zan yaudare ki ba, ba ta kai obin ba, saboda murfi yana tare tururi. In ita ce dole, ki zuba garwashi a kan murfin, ki bar 'yar kafa a gefe, ki gasa kaɗan-kaɗan. Na'urar nan mai suya da iska, wadda kamfanin Philips ya fara fitowa da ita a 2010, ita kam ƙaramin obin ne mai fanka mai ƙarfi, kuma ta fi kowa iya wannan aikin: digiri 190, minti 15 zuwa 20, cokali 1 na mai ya isa, ki girgiza kwandon sau biyu, kada ki cika shi ya wuce rabi.

Dankalin Hausa ma ana yi masa haka, sai dai sukarinsa ya fi yawa, don haka ba a tafasa shi, jiƙawa da busarwa da kwanfulawa kawai, wuta kuma 200. Ba ya yin garas-garas kamar na turawa, kada ki zargi hannunki.

Da azumi, ko duk lokacin da aiki ya yi yawa, za ki iya yanka da yawa ki tafasa ki busar, ki cuɗa da mai, ki baza a faranti a firiza har su daskare, sannan ki juye a leda. Daga firiza kai tsaye sai tire mai zafi, ba a jira ya narke, ki dai ƙara minti 5. Wannan yakan ma fi sabo garas-garas. Wanda aka gasa kuma a ci shi da zafinsa, a faranti buɗe. Kada ki zuba shi a kula ki rufe kina jiran maigida ya dawo daga masallaci, minti 10 ya isa tururi ya warware duk wahalar da kika sha. In jira ya zama dole, ki kashe obin ki bar tiren a ciki, ƙofar a ɗan buɗe.

Kuma tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ki gwada rabin kilo a wannan makon kafin baƙuwar ta iso, ki duba agogo ki rubuta minti nawa obin ɗinki ya ɗauka kafin dankalin ya saki tire.